Kifin Kirsimeti a Bahon Wanka

Ya ɗaga guduma ke nan, sai kifin ya zuba masa ido daga cikin bahon wanka. Kwana uku da sayo shi da rai, kamar yadda aka saba a garinsu kowace Kirsimeti, bawan Allah kullum yana gefen baho yana masa hira.

"Baban yara, mai ya yi zafi!" matarsa ta ƙwala masa kira daga kicin. "Ko Mama ta zo ta nuna maka yadda maza ke yi?"

Ya naɗe kifin a jiƙaƙƙen tawul, ya sulale, ya sake shi a kogin Vltava, ya sayo yankakke a bakin titi, ya miƙa wa matarsa kamar na bahon ne.

Surukarsa ta kai loma, ta lumshe ido. "Kun ji ko? Wanda ya kwana a gida daban ne. Ni na titi ko kyauta ba na ci."