Asabar ɗin da Wiebe Ya Iya Tuƙi

Wiebe Hoekstra ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ya ga hanci bai rinjayi wutsiya ba, ya yi murmushi. In dai haɗawa ce, duk ƙungiyar masu ƙananan jiragen sama na wasa ta ƙauyensu, irin waɗanda ake tuƙawa da na'ura daga ƙasa, babu kamarsa. Tsohon likitan haƙori ne, hannunsa ba ya rawa. Ya yanka katako da 'yar wuƙa, ya manne, ya bi da samfefa har sai ya yi sulɓi, sannan ya shimfiɗa leda ya goge da ɗan dutsen guga ta kwanta luf.

A sama ne ake samun matsala. Jirginsa na farko a gadon bayan saniyar maƙwabci ya sauka. Na biyu ya faɗa tukunyar miyar wake ranar bikin ƙungiya. Na uku har yau yana kan hasumiyar coci, tantabaru sun yi sheƙa a ciki.

"Likita," in ji Evert, shugaban ƙungiya, "haƙoranmu ka gama da su, ka bar mana kawunanmu. Ranar Asabar za ka tashi a gabana. In ka sake faɗuwa, sai ka koma kamun kifi."

Wiebe bai da mata, bai da kare, filin tashin jiragen nan kaɗai gare shi. Don haka ya ɗauko jirgin da 'yan ƙungiya da yawa suka yi odar irinsa da hunturu, ya haɗa nasa, ya rufe shi da ja kamar yadda aka zana a kwali.

Asabar ta zo da rana tarwai. Evert ya kai sabuwar motarsa can bayan shinge, wai don rigakafi. Sauran suka kwashi kofi da burodi suka laɓe jikin rumfa. Tsohuwa Hinke kaɗai ba ta motsa ba. Tana can ƙarshen fili tana harkar gabanta, ita da ko gaisuwa ba ta amsawa.

Wiebe ya tura maɓallin na'urar tuƙi. Jirgi ya tashi yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a mashaya, ya miƙe ya shige idon rana. Hawaye suka cika masa ido, bai ga komai ba.

Sai ga jan jirgi ya ɓullo ta gefen rana, a natse, fiffike a daidaice. Can nesa ƙararrawar wata mota ta hau kururuwa, ba wanda ya waiwaya.

Wiebe ya karkata maɓalli dama. Jirgi ya ɗan yi jim, sannan ya bi. Ya ja baya kaɗan, sai ga jirgi ya yi alkafura, ya juya ciki sama, ya dawo. Wiebe bai ma tuna ya nemi hakan ba. Ashe haka gwaninta take, hannu ya riga tunani!

Burodin Evert ya suɓuce. "Likita, kai ne kuwa?"

"Rufe baki, ina aiki."

Jirgi ya sauko a hankali kamar ganye, ya taɓa ciyawa, ya gangara har ƙarshen fili. Masu laɓe suka fito da tafi da fito. Evert ya cire hula, ya ce ya janye maganarsa, kuma giyar yau a kansa.

Wiebe ya taka ƙasaita har wurin jirgin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya manna masa sumba a hanci.

Hinke ta ƙaraso, na'urar tuƙi rataye a wuyanta. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ajiye min jirgina, Likita, kada ka shafa masa yawu. Naka yana can ya shige gilashin motar Evert tun ɗazu."