Bencin da Suruki Ya Zauna a Kai

Zauna, Malam Ɗayyabu. Tun ɗazu kake ta kewaye-kewaye, baki na motsi, magana ta ƙi fitowa. Bari in ba ka misalin wani mai fentin mota da na sani.

Mutumin nan gwani ne, babu gardama, sai dai Allah bai ba shi tsawo ba. Don haka ya sa kafinta ya yi masa wani dogon benci mai faɗi, mai ƙafa shida, wanda ko rawa ka taka a kansa ba ya motsi. In zai fesa rufin mota sai ya jawo shi gefenta, ya cusa riga cikin wando, ya rataya tiyon iska a kafaɗa don kada ya gogi fenti, ya hau. Daga tsakiyar rufin yake farawa ya yo baki, sannan ya sauka ya kai bencin ɗaya gefen. Ƙa'idar sana'ar ke nan, daga sama ake gangarowa, domin in ka fara jiƙa ƙofofi, ba ka da halin matsowa kusa kuma.

To, surukinsa, uban matarsa, shekara bakwai bai taɓa ɗaukar aikin nan a bakin sana'a ba. Shafe-shafe yake ce masa, har a gaban 'yarsa, kuma abin yana ci wa mai fenti rai ƙwarai. Rannan kwatsam sai ga dattijon da tsohuwar motarsa, wai a mayar masa da ita shuɗiya. Mai fenti ya ce a ransa, yau Allah ya kawo ranar da zan wanke kaina. Kwana uku yana kankara yana gogewa. Ranar feshi ya rufe gilasai da jarida, ya dama fenti da maganin da ke sa shi kamewa, wanda in ka zuba shi dole ka fesa da wuri, in ba haka ba ya daskare maka a cikin bindigar feshi. Yana juyowa zai jawo benci, sai ya ga dattijo ya iso cikin farar babbar riga, ya yi sallama, ya tattara ta, ya zauna daram a kansa, ya ciro carbi. Wai ya zo ya ga aikin da idonsa.

Kai, jama'a! Mutumin da ko ido ba ka haɗawa da shi, ko sunansa ba ka kamawa, shi za ka ce wa tashi? Mai fenti ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, warin fenti ba zai dame ku a nan ba?" Dattijo ya ce ko kaɗan. Mai fenti ya ruga ya shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, dattijo ya ce gwiwoyinsa ba sa son ƙasa. Fenti kuwa yana ta yin kauri. Sai ya ce bari ya fara da ƙofofi, ƙila kafin ya gama tsohon ya gaji ya miƙe. Ya fesa ƙofofi huɗu, ya fesa gaba, ya fesa baya, tsoho na nan yana jan carbi yana gyaɗa kai.

Saura rufi, kuma nan ne kansa ya ɗaure tam. Ya kewaya motar sau uku. Ya ɗora ƙafa a kan taya, ya ga gwiwarsa za ta taɓa ɗanyen fenti, ya sauke. Ya kifa bokiti ya hau, hannunsa bai kai ko rabin rabi ba. Ya ajiye bindiga, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Ya nufi benci har taku biyu, tsoho ya ɗago kai, sai ya wayance kamar wani abu yake nema a ƙasa. Wallahi da ka gan shi a lokacin, ko sunansa ka tambaye shi sai ya yi tunani. Daga ƙarshe ya gangaro da wani durom da babu komai a ciki, ya tsayar da shi a kan ƙasa mai tudu da kwari, ya hau, ya yi ɗage, ya miƙa hannu iya miƙawa. Durom ya ce ba da ni ba. Gwani ya faɗa rub da ciki a jikin ƙofa, ya sulale har ƙasa yana kwasar fenti da ƙirji, yatsansa kuma bai saki bindiga ba. Daga hula har gemu har gaban riga, dattijo ya koma shuɗi.

Tsohon ya share ido da hannun riga, ya dubi surukin nasa a kwance riƙe da wuyan hannu, ya ce, "Kai kullum a kan durom kake wannan aikin?"

"A'a, Baba. A kan benci."

"Wane bencin?"

Mai fenti ya sunkuyar da kai. Dattijo ya dubi abin da yake zaune a kai, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe a hankali.

"Tun hantsi ina zaune a kan kayan aikinka, ka kasa ce mini in matsa? To da wuyanka ka karya fa, me zan je in gaya wa 'yata?"

Kafin la'asar dattijo ya aiko aka ja motar zuwa wani garejin. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni, domin kalma biyu ce, "Baba, matsa", ta gagari bawan Allahn nan, kuma da ya faɗe su babu abin da tsohon zai ce sai to. Hausawa suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.