Azumin Ilu

Tun da bama-baman yaƙi suka faɗa kan tashar nukiliya da ke tsallaken kogi, aka kafa doka: duk abin da zai shiga baki sai an kai shi gaban na'urar gwaji a ƙofar kasuwa. In ta yi kuka a zubar, in ta yi shiru a ci.

Ran Asabar da hantsi Barau ya sayo ƙwaryar nono don 'yarsa Lantana, mai jegon kwana tara. Mai riƙe da na'urar taubashinsa ne, Ilu.

"Bawana, wata uku ban ji abin nan naka ya yi ko tari ba," in ji Barau.

"Ai an faɗa a rediyo, tasha lafiya lau take." Ilu ya gitta na'urar bisa ƙwaryar, idonsa na wani wajen. "Wuce, tsoho."

Barau bai wuce ba. Ya ɗebo ludayi guda ya miƙa masa. "To, bismilla."

"Azumi nake."

Shekara hamsin Barau ya san Ilu, ko na farilla da ƙyar yake kai shi. Ga kuma jan goro ɗanye a haƙoransa.

Mata sun yi layi a baya da tasoshinsu, suna cewa Barau ya matsa. Ya matsa, bai gargaɗe su ba, kuma wannan shirun ne ya bi shi har gida.

A ƙofar gida ya juye nonon cikin kwata.

"Baba, an samu?" in ji Lantana daga ɗaki.

"Yau Fulani ba su shigo ba," ya ce.