Irin Shuka a Tukunyar Birni

Kana ta tambayata wai albashi nawa zai ishi mutum ya miƙe ƙafa a babban birni. Zauna tukuna ka ji labarin wani, in ya so sai ka yi naka lissafin.

An yi wani manomi da suka gaji gona mai albarka shi da ƙanensa, ga shi kuma Allah ya hore masa iya gyaran injin ban-ruwa. Rannan aka zo masa da maganar aikin kula da janareta a wani otal a babban birni. Da aka faɗa masa albashin, sai bawan Allah ya nufi kasuwar ƙauyensu ya tambayi kuɗin buhun gero, ya ga a wata guda zai sami abin da gona ba ta bayarwa sai an sha damina sukutum. Shi ke nan, lissafi ya ƙare! Bai tambayi kowa kuɗin ɗaki a can ba, balle na ruwa. Ya auna birni da mudun ƙauye, ya bar wa ƙanensa gona da rumbu, ya kwashi matarsa da 'ya'ya suka hau mota ana ta yi musu Allah ya kiyaye hanya.

Suna sauka, sai birni ya miƙo hannu. Mai gidan haya ya ce kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali ya ce nasa daban, alhali aikin da ya yi bai wuce nuna ƙofa da yatsa ba. Ɗakin da ƙarfinsa ya kai yana can bayan gari, sai ya shiga mota ya sauka ya sake shiga wata kafin ya ga wurin aiki. Ruwan da a gida guga kawai yake bukata, a nan sai an saya jarka-jarka a wurin ɗan garuwa. Zogalen da awakinsa suke ci ta kan danga har su gaji, ga shi an ƙulle a leda ana ciniki. Abin da ya fi ƙona masa rai shara. A ƙauye jujin ƙofar gida taki ne, har roƙonsa ake yi, a nan kuwa sai ka biya wani ya zo ya raba ka da ita. Kafin wata ya raba, albashi ya bi ruwa. Da aka yi masa ƙari ya ɗauka zai numfasa, ashe mai gida ya ji ƙamshi, ya ƙara kuɗin haya, makarantar yara ma ta bi sahu.

Mai hankali a nan zai tsaya ya dubi inda ya sa ƙafa. Gogan naka kuwa kunya ta hana shi, don ya riga ya je gida da salla cikin shadda mai maiƙo, ya raba goro da 'yan canji, an yi ta kiransa Alhajin birni. Sai ya shiga kiran ƙanensa a waya, a sa masa buhun gero a mota kafin albashi ya shigo. Wata mai zuwa dawa, na bayansa wake, har da kuka da daddawa. Kai jama'a, abin haushi! Mutum ya tafi birni don ya ciyar da ƙauye, ga ƙauye yana goye da shi, shi kuma har yanzu gani yake albashinsa ne ke riƙe da gida.

Da bazara ta yi, rumbu ya koma fayau, ba abin da ya rage sai damin iri. Zangarniyoyi ne da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya tun a gona, irin geron mahaifinsu mai jure fari, wanda ake ajiyewa daban ba a taɓa shi ko ana yunwa. Gogan naka ya ce a sussuke a aiko. Ƙanen ya ce, "Yaya, iri ne fa." Ya daka masa tsawa, ya ce ai shi mai albashi ne, ruwa na sauka zai aiko da kuɗin iri har sai an zaɓa an darje. Ƙane ba ya ja da wa, haka ya sussuke ransa a ɓace ya kai tasha. Tuwon ya yi daɗi, ban ƙi ba, amma bai daɗe a tukunya ba.

Ruwan shuka ya sauka daidai lokacin da wa'adin haya ya cika. Ko dai ya biya mai gida, ko a watso masa kaya waje da mata da 'ya'ya, sai ya biya. Ƙanen ya yi ta bin gida-gida neman iri, ya tarar kowa ya zuba nasa a ƙasa, na kasuwa kuma ya yi tsadar da ba a taɓawa. Kafin ya haɗa ɗan abin da zai shuka, geron maƙwabta ya kai gwiwa, gonar gado kuwa ciyawa ta cinye ta. Da kaka mutumin ya je tasha kamar yadda ya saba, ya tsaya jiran motar ƙauyensu. Aka sauke buhunan kowa, babu nasa. Daga ƙarshe sai ga ƙanen nan ya sauko da tabarma a naɗe, matarsa da yaransa a bayansa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yaya, gida ba ko ƙwaya. Mun taho wurinka, tunda kai ke da albashi."

To ka ji. Kafin ka tambayi nawa birni zai ba ka, fara tambayar nawa zai karɓe, da abin da za ka bari a baya wanda yake ciyar da kai ba ka sani ba. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba an samo rama.