Takardar Ƙarƙashin Katifa

"Na jiƙa takardar a ruwan gishiri, na zubar a kogin Nilu," in ji Mama. "Sammu ne. In ba maƙiyi ba, wa zai ɓoye rubutu a ƙarƙashin katifar majinyaci?"

Ni na ɓoye. Kalmomi sha biyu ne, mabuɗin asusuna na kirifto, wato kuɗin intanet, gumin shekara huɗu, kuma ba ni da kwafi. Tun da jikin Baba ya shanye, a ɗakinsa nake wuni.

"Kin gani ko, 'yar nan?" in ji Mama. "Sammun ya karye. Ya cinye waken tas!"

Na duba kwanon. Ya cinye.

Na goge masa baki, na buɗe shafina na intanet da na yi wata biyar ban leƙa ba. Masu karatu hasashen kasuwa suke jira. Na rubuta musu: "Yau Baba ya ci abinci."