Ƙuri'ar da Wendell Ya Karɓa

Ƙofa ɗari biyu da sha ɗaya Rhonda ta ƙwanƙwasa a watan nan tana nema wa jam'iyyar Democrat goyon baya, amma sunan da ya tsaya mata a rai yana shafi na tara na rajistar masu zaɓe. Da tsakar rana ta iske saurayinta Wendell a garejinsa, ta shimfiɗa takardar a kan motar da yake gyarawa.

"Saura wata shida bikinmu, sai a takarda zan ga ƙuri'ar Republican ka karɓa a zaɓen fid da gwani?"

Wendell ya goge hannu da tsumma. "Haba masoyiya, kin san gundumar nan. Duk wanda 'yan Republican suka tsayar shi ke cin kujerar kwamishina. Na shiga ne in zaɓa mana mai dama-dama."

"Mai dama-damar nan tana da suna. Colleen. Shekara uku kuka yi kuna soyayya, ni ko biyu ban cika ba."

"Ta iya aiki, shi ke nan."

"Da ƙuri'a sha huɗu ta tsallake, ɗaya taka ce." Ta kafe shi da ido. "To na ji. A babban zaɓen Nuwamba fa, ga ta ga ɗan takararmu, wa za ka ba?"

Ya sunkuya yana juya sifana a hannu.

"Ai wannan sirri ne, Rhonda."

Ta zare zoben baikonsu a hankali, ta zura masa a aljihun riga.

"Ajiye wannan ma tare da sirrin."