Barkono a Tagar Majalisa

Barkonon da Iya Tasalla ta shuka a gwangwani, bisa tagar zauren jira, ya fara ja. Na lura da shi ranar Litinin, da na zo liƙa jadawalin mako.

Tun da aka kafa sabuwar doka, majalisa ba ta duba ƙudurin wani gari sai mutum ɗaya daga can ya tare a harabarta har a gama. In ya fita, ƙudurin ya mutu. Iya ta zo ne kan madatsar ruwan ƙauyensu da ta tsage, wata goma sha ɗaya ke nan.

"'Yata, karanto mini," ta ce. "Idona ba ya ganin ƙananan haruffan nan."

Na karanta mata: Talata muhawara kan hutun 'yan majalisa, Laraba zaman kwamitin sufuri, Alhamis ta'aziyya.

"Mu fa?"

"An ɗage zuwa mako mai zuwa, Iya."

"Jikata ta kira jiya," ta ce. "Wai ruwan ya kai bakin masallaci."

Iya ta tsinki barkono uku ta sa mini a tafin hannu, ta naɗe tabarmarta, ta nufi ƙofa.